Neman shawara: Adashinmu ya karye a lokacin kullen korona, shin ni ce zan biya?

Assalamu alaikum wa rahmatullah, iyayena da 'yan'uwana na wannan zaure. Na roƙi masu kula da zaure su sakaya sunana, domin matan da zan yi magana a kansu maƙwabtana ne, kuma ba na son asirin kowa ya tonu ta dalilina.

Ni tela ce a cikin birnin Kano, kuma shekara tara ke nan ina riƙe da adashin matan layinmu ba a taɓa jin kanmu ba. A watan Janairu na 2020 muka ɗaura sabon zagaye, mu ashirin, kowacce tana zuba naira 2,000 duk ranar Juma'a, kwasa ta kama naira 40,000. Mun yi zubi goma sha huɗu lafiya ƙalau, mutum goma sha huɗu sun kwasa, har da ni da na yi kwasar fari kamar yadda aka saba yi wa uwar adashi. Sai aka sa dokar kulle a Kano ranar 16 ga Afrilu, saura mako guda a kama azumi. Daga wannan Juma'ar babu wadda ta sake aiko da ko kwabo, kuma ban ga laifin kowa ba, domin yawancinmu mazajenmu 'yan a fita a nemo ne: masu tuƙa Adaidaita Sahu, 'yan dako a Kantin Kwari da kasuwar Singa, leburorin gini, da malaman makarantun kuɗi waɗanda albashinsu ya tsaya cak tun ranar da aka sallami yara. Ni kaina ɗinkin ƙaramar Sallah da nake dogaro da shi duk shekara bai zo ba. Ko da aka fara sassauta dokar ranakun Litinin da Alhamis, abin da mace ta samu ba ya wuce cefanen kwana uku.

Mutum shida ba su kwasa ba, kowacce ta zuba naira 28,000. Bayan an buɗe gari a watan Yuli na bi gida gida, ni da mata shida muka biya naira 12,000 da ta rage a kan kowaccenmu, na raba wa waɗancan shidan naira 14,000 kowacce. Saura naira 84,000 a wuyan mata bakwai. Biyu daga cikinsu mazajensu sun rasu a mace-macen da aka yi ta yi a Kano a watan Afrilu, sun fita takaba da marayu babu jari. Ɗaya ita kanta ta rasu, Allah ya jiƙanta. Ɗaya aurenta ya mutu a cikin kullen, ta koma wajen iyayenta a ƙasar Nijar. Biyu suna nan amma sun cinye jarinsu, ɗaya daga cikinsu mai sayar da awara ce a ƙofar makarantar firamare, wadda ta yi kusan wata bakwai ba ta ɗora kasko ba. Ta bakwai tana da hali, mijinta yana da shago, amma kullum sai ta ce in dawo wani mako.

Abin da ya hana ni barci shi ne wata dattijuwa mai wankau, wadda ke riƙon jikarta marainiya. Ita ce ya kamata ta kwasa a watan Fabrairu, sai wannan mai halin ta roƙe ni a yi musanya domin tana da biki, na je na lallashi dattijuwar ta koma ƙarshe. Yau ga shi yarinyar, mai shekara goma sha uku, ba ta koma makaranta ba tun da aka buɗe a watan Oktoba, tana yawon tallar gyaɗa a bakin titi. Dattijuwar ba ta taɓa ɗaga mini murya ba. Takan zo ta zauna a bakin ƙofar ɗakina, mu gaisa, ta daɗe tana murza bakin mayafinta, ta tashi ta tafi ba ta ce komai ba. Sauran biyar kuwa sun ce ni suka ba kuɗinsu, ni suka sani.

Shin a shari'a ni ce zan biya? In sayar da keken ɗinkina, ko in nemi bashin korona da ake ta magana a kai? Ko kuwa in kai ƙara? Ga azumin 2021 ya ƙarato, ina so in shiga cikinsa ba haƙƙin kowa a kaina.

Wani malamin islamiyya daga Zariya ya amsa:

Wa alaikumus salam. Malama, Allah ya saka miki da alheri da kika damu da haƙƙin mutane. Adashi rance ne tsakanin 'yan zubi, kowacce tana ranta wa wadda ta kwasa, saboda haka bashin yana wuyan waɗanda suka kwasa ba su gama zubi ba. Uwar adashi amintacciya ce da aka wakilta ta tara ta miƙa, kuma amintacce ba ya biyan abin da ya salwanta sai a hali biyu: idan ya yi sakaci ko ya ƙetare iyakar abin da aka wakilta shi, ko kuma idan tun farko ya ɗauki lamuni. To ina tambayarki abu biyu, ki amsa wa kanki tsakaninki da Allah. Lokacin da ake ɗaura adashin, kin taɓa cewa duk wadda ta gaza ke za ki cike? Idan kin faɗa, ko kuma al'adar layinku ita ce kwasar fari ladan lamuni ce kuma kowa ya san haka, to kin zama mai lamuni, suna da damar su bi ki. Na biyu, dattijuwar nan ta yarda da musanyar da daɗin rai, ko kunyarki ta ji? Idan kin san nauyinki ta ji, to ko alƙali bai ɗora miki ba, ni ina ganin ki fara da ita a duk abin da ya shigo hannunki, kuma ki nemi afuwarta baki da baki.

Su kuma mata bakwai ba hukuncinsu ɗaya ba. Aya ta 280 a Suratul Baƙara ta yi umarni a jinkirta wa wanda yake cikin matsi har ya samu sauƙi, ta kuma nuna cewa yafewa ta fi alheri. Wannan ya shafi masu marayun nan biyu da waɗanda jarinsu ya karye, bai halatta a tsananta musu ba. Wadda ta rasu, ana fitar da bashinta daga abin da ta bari kafin a raba gado, ko da gadon kwana ne da katifa da kwanuka. Idan ba ta bar komai ba, ba a tilasta wa 'ya'yanta su biya daga aljihunsu, amma a sanar da su domin wataƙila su so sauke mata nauyi. Mai hali da take ja miki rai kuwa, jinkirinta zalunci ne, ita ba ta da rabo a cikin wancan sassauci.

Akwai ƙofar da mutane suke mantawa da ita. Waɗanda bashi ya yi wa katutu suna cikin kashi takwas na masu cin zakka da aka lissafa a aya ta 60 ta Suratut Tauba, kuma a mazhabar Malikiyya da muke bi ana iya biyan bashin mamaci ma daga zakka. Attajirai da yawa a Kano a watan azumi suke fitar da zakkarsu. Ki rubuta sunaye da adadi, ki sa limamin unguwarku ya shige miki gaba, naira 12,000 a kan kowace mace ba abin da zai gagari mai zakka ɗaya ba ne.

Wata uwar adashi daga Tudun Wada, Kaduna, ta amsa:

Yaya, kada ki kuskura ki sayar da keken nan. Idan kin sayar kin biya, gobe ke ce za ki shiga layin masu neman taimako, kuma matan da kike wa ɗinki su koma wani wuri. Mu a Kaduna tun 26 ga Maris aka rufe mu, mun riga ku shiga wannan hali, kuma nawa adashin ya fi naki yawan mutane. Abin da ya fisshe mu shi ne na daina bin mata ɗaya bayan ɗaya, domin idan kin je ke kaɗai kowacce kuka za ta yi miki, ki dawo da nauyin zuciya babu kuɗi. Na tara su duka a tsakar gidana bayan la'asar, masu bi da waɗanda ake bi, na buɗe littafi na karanta a gaban kowa. Da mai bin bashi ta ga maƙwabciyarta da ta fito daga takaba ta rame har zobe yana zamewa daga yatsarta, da bakinta ta ce ta yafe rabi. Sauran muka mayar da shi zubin naira 200 a mako, muka jera masu karɓa bisa tsananin buƙata, ba bisa tsohon layi ba. Ya ɗauke mu wata takwas, amma mun gama, kuma har yau muna gaisawa muna zuwa sunan juna. Mai awarar nan, idan za ki iya, ki haɗa ta da wadda za ta ba ta waken suya mudu biyu bashi ta tayar da kaskonta, tunda yara sun koma makaranta. Wadda take sana'a ita ce take iya biya.

Wani tsohon ma'aikacin banki daga Kano ya amsa:

Hajiya, zan tsaya a kan maganar bashin korona kawai, domin na ga mutane da yawa sun ɗauke shi a matsayin rabon gwamnati. Babban Bankin Najeriya ya ware naira biliyan 50 a watan Maris na 2020 domin magidanta da ƙananan 'yan kasuwa, aka riƙa bayarwa ta bankin NIRSAL Microfinance. Rance ne mai kuɗin ruwa, kashi 5 cikin ɗari da farko, da sharaɗin zai koma kashi 9. Sannan tun 1 ga Agusta na 2020 akwai tsarin da ya ba bankuna damar bin lambar BVN ta wanda ya ƙi biya, su cire kuɗin daga duk wani asusu da yake da shi a wani banki. Wato wanda ya ci yana ganin ya ci bulus, wata rana zai wayi gari an kwashe kuɗin da wani ya turo masa na cefane. An tsara wannan rance ne domin a juya shi ya haifar da riba, ke kuma so kike ki biya bashin da ba ke kika ci ba, kin ga an gudu ba a tsira ba ke nan. Ban da haka, akwai 'yan damfara da suke zagaya unguwanni suna karɓar kuɗin cike fom da lambobin BVN na mata, suna cewa suna da hanya. Kada ki ba kowa lambarki.

Abin da ya dace da irinki shi ne tallafin naira 30,000 da aka ba masu sana'ar hannu a ƙarƙashin shirin gwamnatin tarayya na Survival Fund, wanda kyauta ne ba rance ba, kuma ta hannun ƙungiyoyin sana'a aka bi aka tantance mutane. Idan ba ki cikin ƙungiyar teloli ta yankinku, ki shiga ki yi rajista, domin duk wani tallafi da zai sake zuwa ta irin wannan hanya zai biyo. Matan da suke sana'a a cikin gida ba su da suna a kowane littafi, shi ya sa aka yi ta rabo ana tsallake su. Ki kuma gaya wa masu bin ki su dubi kasuwa: Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce tsadar kayan abinci ta haura kashi 20 cikin ɗari a farkon shekarar 2021, saboda haka naira 14,000 da za a karɓa yau a hankali ta fi wadda za a jira a karɓa dunƙule baɗi.

Wani lauya daga Katsina ya amsa:

Ina girmama bayanin Malam, amma ina so Hajiya ta san cewa idan magana ta je gaban alƙali, abin da za a fara tambaya shi ne wa ya karɓi kuɗin a hannunsa, kuma ita ce za ta yi ta zarya ko da daga ƙarshe an wanke ta. Saboda haka ki riga su. Ki kai maganar gaban mai unguwa, a zauna da liman da mazajen da suke raye, a rubuta yarjejeniya: wa ake bi, nawa, wa ya yafe, wa zai riƙa biyan nawa a mako, kowa ya sa hannu ko ya dangwala, ki ajiye kwafi. Wannan takarda ita ce za ta nuna cewa bashin ba a kanki yake ba. Mai halin nan kuwa kada ki sake zuwa gidanta ke kaɗai. A kira mijinta gaban mai unguwa a ba shi wa'adin mako biyu, idan ya wuce ki kai ta ofishin Hisba na ƙaramar hukumarku, suna sulhunta irin wannan ba tare da kin kashe kuɗin shigar da ƙara ba. Ita kaɗai nake ba da shawarar a matsa wa, sauran shida kai su ƙara ba zai fitar da ko sisi ba, sai dai ya raba zumunci.

Wata ma'aikaciyar jinya daga Kano ta amsa:

Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne matan nan biyu da suka rasa mazajensu. Mun ga watan Afrilun nan da idonmu. Asibitocin kuɗi da yawa sun rufe ƙofa saboda tsoro, masu hawan jini da ciwon suga suka rasa inda za su je, masu haƙar kabari suka ce ba su taɓa ganin irinsa ba. Daga baya Ministan Lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ce binciken da aka yi ya ƙirga mutum 979 da suka rasu a ƙananan hukumomi takwas na cikin birni, kuma rabi zuwa kashi 60 cikin ɗari suna da alaƙa da korona. Yawancinsu magidanta ne da suka manyanta, wato kowane ɗaya ya bar gida guda ba mai ciyarwa. Abin da ba a ƙirga ba shi ne abin da ya biyo baya. Na san wata mai fura da mutane suka ƙaurace wa ƙwaryarta wata da watanni saboda an ce cutar ce ta kashe mijinta, ga shi ba a yi zaman makoki ba balle 'yan'uwa su kawo gudummawar da aka saba. 'Yar'uwa, idan za ku yi taron da Yaya ta Kaduna ta faɗa, ki je ki same su tun kafin ranar ki shaida musu ba don a tozarta su aka kira su ba. Mace mai sabon rashi idan ta ji an ce taro a kan bashi, tana iya kwana uku ba ta ci abinci ba. Ki kuma lura da yaransu ƙanana, idan kin ga gashin yaro ya yi ja ya yi laushi ko ƙafafunsa sun kumbura, a kai shi asibitin sha-ka-tafi mafi kusa a auna damtsensa, tamowa ba ta jira.

Wani ɗan kasuwa daga Maraɗi ya amsa:

Hajiya, game da wadda ta komo Nijar, kada ki yanke ƙauna. Iyakar ƙasa ta kasance a rufe tun watan Agusta na 2019, kafin ma cutar ta zo, shi ya sa zirga-zirga ta yi wuya, amma a watan Disamba na 2020 an buɗe ta Maigatari da Illela, direbobi suna zuwa Kano kullum. Ki nemi lambar wani namiji a gidansu ta hannun tsohon mijinta, ki gaya masa da lalama. Jaka kaɗan ce a kuɗin sefa, kuma mutanenmu suna jin kunyar a ce 'yarsu ta baro bashi a gidan aure.

Idan Allah ya sa kun sake ɗaura wani zagaye, ku duba tsarin Mata Masu Dubara da ƙungiyar CARE ta fara a nan jihar Maraɗi a 1991. Ban da zubin mako, kowace mace tana jefa ɗan wani abu a asusu na biyu wanda ba a rabawa, sai rashin lafiya ko rasuwa ko gobara ta samu wata a cikinsu. Akwatin yana da makullai a hannun mata daban-daban, kuma a gaban kowa ake buɗe shi, don haka nauyin ba ya taruwa a kan mace ɗaya kamar yadda ya taru a kanki.

Wata malamar firamare daga Gwale ta amsa:

Kowa ya yi maganar kuɗi, ni yarinyar nan nake ji. Wata biyar ke nan da komawa makaranta, idan aka sake yin wani zangon ba ta koma ba, kunyar zama da ƙannenta a aji za ta hana ta, daga nan sai maganar aure ta taso. A ajina kaɗai akwai kujerun da har yau ba kowa a kansu, kuma kusan duk na 'yan mata ne. Darussan da aka riƙa sakawa a rediyo lokacin kulle ba su isa ga yaran da suke bakin titi da faranti a ka ba. Tun 2019 gwamnatin Kano ta ayyana karatun firamare da sakandare kyauta kuma dole, saboda haka abin da zai hana ta komawa bai wuce kayan makaranta da littattafan rubutu da kuma ribar gyaɗar da kakarta za ta rasa ba. Hajiya, ke tela ce. Yadi uku ya ishe ki ki ɗinka mata riga da wando da hijabi a yini ɗaya. Ki kama hannunta da kanki ku je wajen shugabar makarantar, ki faɗi cewa marainiya ce, ban san shugabar da za ta mayar da ita ba. Tallar kuma a mayar da ita bayan an tashi, a ƙofar gida, kafin kuɗin kakar su fito.

Mai tambaya ta dawo ta ce:

Na gode, Allah ya saka wa kowa da alheri, na karanta duka har sau biyu. Malam, ban taɓa cewa zan cike wa kowa ba, kuma matan da muka fara adashin nan da su shaida ne. Amma tambayarka ta biyu ta kama ni, domin na san dattijuwar nan kunyata ta ji, har sai da ta ce mini ta riga ta yi wa mai injin markaɗe alkawari, na ce mata 'yan makonnin nan kamar gobe ne. Jiya da daddare na je ɗakinta na nemi gafararta, ta yi kuka na yi kuka, na kuma auno yarinyar. Akwai ragowar farin yadi a wajena, shuɗin ne zan saya gobe a Kwari, in sha Allahu ranar Litinin za mu je makarantar tare. Maigidana ya yi magana da mai unguwa, ya sa mana ranar Asabar bayan la'asar, kuma ya ce shi da kansa zai aika a kira mijin mai halin. Keken ɗinki na fasa sayarwa. Abin da ban sani ba shi ne yadda zan tunkari 'ya'yan marigayiyar, domin babbansu shekararsa goma sha tara, shi yake riƙe da ƙannensa huɗu da turin baro a 'Yankaba. Malam, ya halatta in sa sunanta a takardar da za a kai wa mai zakka ba tare da na gaya musu ba, ko dole sai sun sani?